Shawarar da ba ta washewa: tarihin toshewar hanyar matsarmama da ɓarnar da take yi wa girman yaro

Duk ungozomar da ta daɗe tana karɓar haihuwa a Gantsa ko ƙauyukan Buji ta san shawarar jarirai. Kwana biyu ko uku da haihuwa idon jariri ya yi rawaya, kafin a cika sati biyu ya washe. Wani lokacin takan yi tsanani a satin farko har sai an kwantar da jaririn a ƙarƙashin shuɗiyar fitila a asibiti, don kada ta taɓa ƙwaƙwalwa. Wannan ita ce shawarar da aka fi gani.

Akwai wata kuma daban. Ita ba ta washewa. A yi suna, a shiga sati na uku, a fita na huɗu, ido yana nan rawaya. Fitsari ya yi duhu har ya rina zane, kashin jaririn kuma ya koɗe, ya koma fari-fari kamar alli ko dafaffen koko. Jaririn yana shan nono, yana wasa, don haka hankalin kowa a kwance. Alhali a ciki hanyar da ruwan matsarmama ke bi daga hanta zuwa hanji ta toshe. Likitoci na kiran wannan ciwo biliyari atireshiya. Ba ciwo ne mai yawa ba: a Turai jariri ɗaya ne cikin kimanin 15,000 zuwa 20,000, a Taiwan kuma ya fi haka yawa. Amma idan ba a yi aiki ba, yawancin yaran ba sa wuce shekara biyu. Kuma ko a duniya, shi ne ciwon da ya fi sa a yi wa ƙananan yara dashen hanta.

Tarihin wannan ciwo ya koya wa likitoci cewa hanta ba ta rashin lafiya ita kaɗai. Idan ta lalace tun daga haihuwa, jini da ƙasusuwa da sukari da tsawo da balaga duk sai sun ji a jikinsu.

Mene ne aikin ruwan matsarmama?

Ka lura da yadda mahauci ke cire matsarmama a hankali don kada ta fashe ta ɓata nama da ɗaci. Wannan koren ruwan hanta ce ke yin sa, matsarmama ma'aji ce kawai. Ayyukansa biyu ne. Na farko, yana kwashe shara daga hanta, ciki har da bilirubin, wato rawayan sinadarin da ke fitowa idan jajayen ƙwayoyin jini suka tsufa suka mutu. Shi ne ke ba kashi launinsa. Na biyu, yana farfasa mai a cikin hanji, kamar yadda sabulu ke yi wa kwanon da aka ci miyar man gyaɗa. Idan babu shi, mai sai ya wuce jiki bai amfana ba.

To, ka ga idan hanya ta toshe an yi asara biyu kenan. Abin da ya kamata ya fita ya taru yana cin hanta, yana barin tabo har ta ƙandare. Abin da ya kamata ya shiga jiki kuma ya bi kashi ya tafi. Kusan rabin ƙarfin da jariri ke samu daga nonon uwa daga mai yake, kuma bitamin huɗu, A da D da E da K, sai da mai suke shiga jini.

Daga 1891 zuwa aikin Kasai

A 1891 da 1892 wani likitan yara a Edinbara ta Sikotilan, John Thomson, ya tattara labarin jarirai kusan 50 da aka haifa da toshewar wannan hanya, ya bayyana yadda ciwon ke tafiya har ƙarshe. Ba shi da magani, amma ya ba ciwon siffa yadda za a gane shi. A 1928 William Ladd, likitan tiyata a Boston ta Amurka, ya ba da rahoton nasarar haɗa ragowar hanyar da hanji a wasu jarirai. Sai dai wannan na yiwuwa ne kawai idan akwai sauran buɗaɗɗiyar hanya a wajen hanta, kuma masu irin wannan kaɗan ne ƙwarai. Sauran, waɗanda su ne mafi rinjaye, an sa musu suna "marasa gyara". A buɗe ciki, a duba, a ɗinke, a mayar wa iyaye.

Haka aka zauna shekara talatin, sai Morio Kasai na Jami'ar Tohoku da ke Sendai a Jafan ya zo da wata dabara. Ya gano cewa idan aka yanke ƙullin tabon da ke ƙofar hanta, a ƙarƙashinsa akwai ƙananan hanyoyi da ido ba ya gani, kuma suna iya tsattsafo da ruwan. Sai ya ɗauko wani yanki na hanji ya ɗinke shi kai tsaye a wurin. Ya wallafa aikin a 1959 da harshen Jafananci, abin da ya sa likitocin Turai da Amurka suka daɗe ba su kula ba. Sai bayan ya fito da Turanci a 1968 aka soma karɓarsa, kuma har yau sunansa aikin yake ɗauke da shi.

Da aka yi wa yara da yawa, sai wani abu ya fito fili: lokaci ne ke yanke hukunci. Waɗancan ƙananan hanyoyi suna ci gaba da toshewa kullum. Aikin ya fi ci idan an yi shi kafin kwana 60 da haihuwa, ya fi haka ma idan an yi kafin kwana 45. Bayan wata uku ko huɗu, dama ta ragu sosai.

Aikin Kasai ya sa yaran da da can ke mutuwa a goye suka soma kai shekara biyar, goma, har zuwa balaga. A nan ne likitoci suka ga sauran ɓarnar da mutuwar wuri ke ɓoyewa. Kuma kowace ɗaya, sai da wani bincike daga wani fanni ya taimaka aka fahimce ta.

Jini da ba ya tsayawa

A 1929 Henrik Dam a Kofanhegan ta Denmak yana kiwon 'yan tsaki da abincin da aka cire wa mai, sai ya ga suna zubar da jini a ƙarƙashin fata. Ya bi diddigi har ya gano wani sinadari da ya sa wa suna bitamin K a 1935, aikin da ya sa ya samu kyautar Nobel ta 1943. A 1938 likitoci a Amurka suka nuna cewa masu shawarar toshewa, waɗanda da can jini ke kashe su a teburin tiyata, jininsu na komawa daidai idan aka ba su bitamin K tare da gishirin matsarmama. Dalili kuwa, hanta ce ke ƙera sunadaran da ke daskarar da jini, kuma da bitamin K take wannan aikin.

Ga jariri mai toshewar matsarmama, wannan kan zama alamar farko mai tayar da hankali: jini daga cibiya, ko daga wurin allura, ko mafi muni a cikin ƙwaƙwalwa, yawanci tsakanin sati biyu da wata uku. Shi ya sa ake yi wa jarirai allurar bitamin K ranar haihuwa a asibiti. Wanda aka haifa a gida kan rasa ta. Jariri mai rawayan ido kuwa, kada a bari aska ta taɓa shi, ko cire beli ne ko tsaga, sai likita ya duba jininsa.

Ƙasusuwa masu laushi

Bitamin D da muke samu daga rana ko abinci ba ya aiki yadda ya shigo. A 1968 da 1969 Hector DeLuca da abokan aikinsa a Jami'ar Wiskonsin suka nuna cewa hanta ce ke yi masa gyaran farko, daga baya aka gano ƙoda ce ke ƙarasawa, ya zama homon da ke umartar hanji ya tsotsi sinadarin kalsiyam. Homon, ga wanda bai saba da kalmar ba, saƙo ne na sinadari da wata gaɓa ke aikawa ta cikin jini zuwa wata gaɓar.

Yaro mai toshewar matsarmama ba ya tsotsar bitamin D daga abinci sosai. Man da ya rage a hanji kuma yana kama kalsiyam ya fita da shi. Sakamako: wuyan hannu ya kumbura, ƙafa ta lanƙwashe ko ta yi gwame, ƙashi ya karye daga ɗan faɗuwa. Wani zai ce ai mu a Jigawa rana ba ta yi mana kaɗan ba. Gaskiya ne, amma binciken da Tom Thacher da abokan aikinsa suka yi a Jos, wanda aka wallafa a 1999, ya nuna cewa laushin ƙashi a yaran Najeriya ya fi zuwa daga ƙarancin kalsiyam a abinci. Yaron da dama abincin gidansu tuwo ne da kunu, nono da kifi sai jifa-jifa, sannan hanjinsa na zubar da ɗan abin da ya samu, ka ga nauyi biyu ya hau kansa.

Sauran bitamin biyun ma suna da nasu. Rashin A na kawo dundumi da bushewar ido. Rashin E kuwa, kamar yadda Ronald Sokol da wasu suka nuna a shekarun 1980, yana lalata jijiyoyi a hankali har yaro ya riƙa tangaɗi in yana tafiya, kuma idan an makara ba ya gyaruwa duka.

Sukari

Tun 1848 Claude Bernard a Faris ya nuna cewa hanta na sakin sukari cikin jini ko da dabba ba ta ci komai mai zaƙi ba, kuma a 1857 ya ware sinadarin da take adana shi a ciki, wato gilaikojin. Hanta rumbu ce: ta tara bayan an ci abinci, ta fitar cikin dare. Hantar da tabo ya cinye rumbunta ƙarami ne. Jariri ya yi 'yan awoyi bai sha ba, musamman in ga zazzaɓi, sai sukari ya faɗi, ya yi gumi, jiki ya saki, har ya kai ga jijjiga. Mu da zazzaɓin cizon sauro ke zagaye da mu a damina, wanda shi ma yana kayar da sukari, wannan haɗari ne na gaske. Idan rumbun ya ƙare kuma, jiki sai ya koma cin tsokarsa, hannu da cinya su tsiyaye. Abin mamaki, a manyan yara da hantarsu ta daɗe da ƙandarewa ana iya ganin akasin haka: jiki ya daina jin insulin sosai, sukari ya riƙa hawa bayan cin abinci.

Tsawo

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi ɗaure wa likitoci kai. An san cewa homon ɗin girma daga wani ɗan ƙullutu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa yake fitowa. Da aka auna jinin waɗannan yara da suka tsumbure, sai aka tarar homon ɗin yana nan, har ya fi na sauran yara yawa. To me ya hana su girma?

Amsar ta faro ne daga 1957, lokacin da William Salmon da William Daughaday a Sen Luwis ta Amurka suka zuba homon ɗin girma a kan guringuntsin ɓera a cikin kwalba, suka ga bai yi wani tasiri ba. Amma da suka zuba ruwan jinin ɓera mai lafiya, guringuntsin ya amsa. Wato akwai ɗan aike a tsakani. A 1978 Rinderknecht da Humbel a Zurik ta Suwizalan suka fayyace tsarinsa, kuma saboda kamarsa da insulin aka sa masa suna IGF-1. Mafi yawan wanda ke yawo a jini hanta ce ke yin sa. Ƙwaƙwalwa na aika umarni, hanta ta karɓa ta juya shi zuwa saƙon da ƙashi ke fahimta. Idan hanta ta gaza, ƙwaƙwalwa sai ta yi ta ƙara aikawa, ba mai isarwa. Binciken da aka yi a shekarun 1990 a kan yara masu ciwon hanta ya tabbatar da haka: homon ɗin girma a sama, IGF-1 a ƙasa. Shi ya sa allurar homon ɗin girma ita kaɗai ba ta cika warware matsalar ba. Gyaran yana wajen hanta da abinci.

Abincin ma sai da lura. Irin wannan yaro na bukatar ƙarfi fiye da tsaransa da kusan kashi 30 cikin 100 ko fiye. A asibiti akan ba shi madara mai wani irin mai da ake tacewa daga kwakwa da ƙwarar manja, wanda hanji ke iya tsotsa ba tare da ruwan matsarmama ba, tare da bitamin na musamman, kuma a ci gaba da nonon uwa. Sikeli kan yaudari mutum, domin ƙatuwar hanta da saifa da ruwan ciki na ƙara nauyi. Igiyar nan mai launi da ake auna damtsen yara da ita a cibiyoyin tamowa ta fi faɗin gaskiya.

Balaga

A 1975 Daniel Alagille da abokan aikinsa a Faransa suka bayyana wani ɗan'uwan wannan ciwo, inda hanyoyin cikin hanta ne suka yi kaɗan tun halitta, tare da matsalar zuciya da ƙashin baya da wata irin kamar fuska. Cikin alamun da suka lissafa har da jinkirin girma da na balaga. A 1997 aka gano ƙwayar gadon da ke jawo shi, JAG1. Yaran na fama da ƙaiƙayi mai hana barci, kitsen kolestarol kuma ya taru a jini har ya fito kamar ƙuraje masu rawaya a gwiwa da yatsu.

Jinkirin balaga ya shafi kusan duk ciwon hanta mai daɗewa. Jikin da ba ya samun isasshen ƙarfi yakan ɗage balaga. Hanta ce kuma ke ƙera sunadarin da ke ɗaukar homon ɗin maza da na mata a cikin jini, ita ce ke share wanda ya yi yawa. Idan ta gaza, yarinya ta makara fara al'ada ko ta ɗauke mata, saurayi kuma murya ta ƙi buɗewa, wani har ƙirjinsa ya tasa. A garin da ake yi wa yaro ba'a in tsaransa sun wuce shi, wannan ba ƙaramin ciwo ba ne.

Sabuwar hanta

Mutum na farko da aka yi wa dashen hanta a duniya yaro ne ɗan shekara uku mai wannan ciwo. Thomas Starzl ya yi aikin a Denba ta Amurka ranar 1 ga Maris, 1963, kuma yaron ya rasu a kan tebur saboda jini ya ƙi tsayawa. Sai a shekarun 1980, bayan samun maganin saikulosforin da ke hana jiki ƙin baƙuwar gaɓa, dashen ya zama abin dogaro. A 1989 Russell Strong a Birisben ta Ostareliya ya yanki wani ɓangare na hantar uwa ya dasa wa ɗanta, dukansu suka rayu.

Dashen ya zama hujja ta ƙarshe a kan duk abin da muka faɗa. Bayan sabuwar hanta, IGF-1 na hawa, yara da yawa su soma cin tsawon da suka rasa, ƙasusuwa su yi ƙwari, balaga ta zo. Amma wanda ya tsumbure sosai kafin aikin ba lalle ya cimma tsaransa ba. Ko aikin Kasai ya ci, kusan rabin yaran kan bukaci dashe kafin su girma. Bambancin shi ne sun kai lokacin da ƙarfinsu, sauran kuma sun girma da hantarsu ta haihuwa.

Abin da Zariya ta rubuta

Mu ma muna cikin wannan tarihi. A 1987 likitan tiyata O. A. Mabogunje ya wallafa bitar jariran da aka gani da wannan ciwo a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Bayan shekara ashirin, a 2007, Mshelbwala da Sabiu da Lukong da Ameh daga wannan asibitin suka sake wallafa wani rahoton. Kukan bai canza ba: yara na isowa a makare, hanta ta riga ta ƙandare. Masu hannun yin aikin Kasai suna nan a Zariya da Kano. Dashen ƙoda ma Asibitin Koyarwa na Aminu Kano na yin sa tun 2002. Dashen hantar yaro kuwa, iyali kan nufi Indiya ko Masar da kuɗin da manomin Buji ba zai iya tarawa ba. Wato a wurinmu kwana sittin ɗin farko sun fi tsada fiye da yadda suke a Landan ko Tokyo, domin ba mu da ƙofa ta biyu a kusa.

Kati mai hoton kashi

Mafi arhar kayan aiki a duk wannan tarihi takarda ce. A 1994 Akira Matsui ya fara raba wa masu jego a yankin Tochigi na Jafan wani kati mai hotunan kashin jarirai, wasu masu launin lafiya, wasu koɗaɗɗu, uwa ta gwada da na ɗanta. Taiwan ta mayar da shi tsarin ƙasa baki ɗaya a 2004. Rahoton da aka fitar a 2011 ya nuna yaran da ke rayuwa har shekara biyar sun ƙaru daga kusan 56 cikin 100 zuwa kusan 89. Jafan ta saka katin cikin littafin uwa da jariri na ƙasa a 2012.

Yanzu duba kalandarmu. Mai jego na zaman wanka har kwana arba'in, ga kaka ko gwaggo a kusa, kullum suna wanke zanen jariri. Babu wanda ya fi su ganin launin kashinsa. Rigakafin sati shida kuma na faɗowa ne a kwana 42, saura kwana 18 kenan a cika sittin. Idan aka tsallake wannan, rigakafi na gaba sai sati goma, kwana 70, lokacin an riga an wuce. Ma'aikacin lafiya a Gantsa da ya ɗaga fatar idon jariri, ya tambayi uwa launin kashi, zai iya tura su Birnin Kudu ko Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse a yi gwajin jinin da ke raba bilirubin gida biyu, a ɗauki hoton ciki, in ta kama a wuce Kano ko Zariya.

Ga iyaye kuma, ƙa'idar ba ta da wuya. Rawayan ido da ya wuce sati biyu, ko fitsari mai rina zane, ko kashin da ya koɗe, a je asibiti a ranar, ko da jaririn na shan nono yana dariya. Kashin jariri mai lafiya rawaya ne ko kore ko ruwan ƙasa. Jiƙon rawaya da shanya jariri a hantsi ba sa buɗe hanyar da ta toshe, sati biyun da za a kashe ana gwada su kuwa daga cikin sittin ɗin nan ake cire su. Ciwon ba ya yaɗuwa daga wani zuwa wani, kuma ba nonon uwa ne ya jawo shi ba, don haka kada a yaye yaro ko a zargi mai jego. In da hali, a ɗauki hoton kashin da waya da rana, ko a tafi da zanen, a nuna wa likita ya gani da idonsa.